Wasiƙa daga Mile 12: Mun bar jaki muna dukan taiki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya kuma haƙuri da mu. Ni dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke nan Legas, asalina mutumin Bunkure ne a jihar Kano, na shigo Ikko tun 2001 ina saurayi ga shi yanzu furfura ta cika min gemu. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, babban ɗana ne ya gaji da surutuna ya ce Baba maimakon ka riƙa cika mana kunne a gida ka rubuta mana ka aika, to ga shi na rubuta a waya, in ka ga kuskure ka gyara min dan Allah.

Abin da ya sa na ɗau waya wata gardama ce da aka tafka ran Juma'a da daddare a teburin mai shayinmu. Wani yaro ne ya karanto mana abin da wani ya rubuta a Facebook wai Arewa cima-zaune ce, ba ta kawo komai a asusun ƙasa, muna fasa kwalaben giya amma muna miƙa hannu a raba kuɗin harajin VAT da mu. Kafin ka ce kwabo wuri ya hargitse. Wannan ya ce ai da kuɗin gyaɗarmu da audugarmu aka gina Legas ɗin, wancan ya ce Legas ma ai ba ta kowa ba ce, wani can daga baya yana ihu a sake tsayar da kawo abinci kudu su gane kurensu. Wallahi sai da aka kwashe kusan awa uku ana abu ɗaya har shayi ya huce a kofi. To ana tsakiyar wannan sai ga tirelar albasa ta shigo daga Aliero, ni da yake ina jiran kaya idona na kanta, na ƙirga yara goma sha ɗaya suna dirowa daga saman buhuna, duk sun yi futu-futu da ƙura, kowa da 'yar ledarsa ta Bagco a hannu, babbansu bai fi shekara ashirin ba. Ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su a cikin masu gardamar nan. Ni kuma tun daren nan abin yake cina.

Bari in fara da maganar wa ke da Legas tunda ita ta fi ɗaga jijiyar wuya. Ni dai gaskiya ban yarda da masu cewa garin ba na kowa ba ne. Garin na da masu shi, akwai Aworawa, wani reshe na Yarabawa, akwai Oba a fadarsa ta Iga Idunganran tun kafin Turawa su yi wa garin ruwan wuta a 1851 su kori Oba Kosoko su maido Akitoye kan sarauta, sannan a 1861 su sa Oba Dosunmu ya sa hannu ya miƙa musu garin. Yanzu a ce wani ya zo Sabon Gari ya yi kuɗi, ya tashi ya ce Kano ba ta kowa ba ce, ya za mu ji? Ai ba za ta yi daɗi ba. Amma fa su ma masu kiranmu baƙin jiya su koma su yi tambaya. A 1863 wani Baturen sojan ruwa mai suna Glover ya tara Hausawa a nan Legas ya kafa rundunar da har yau sojan Najeriya ke cewa nan ne tushensu, kuma da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, wannan ɓangaren kam ba mu cika son faɗa ba. Unguwar Obalende tsofaffi na cewa waɗannan sojoji aka zaunar a can. Layin dogo ya isa Kano a 1911, daga nan kakanninmu suka cika Agege da fataucin goro, shanu na gangarowa goro na hawa. Duk wannan gaskiya ne, sai dai yaranmu da yaransu ba wanda ya sani, tunda aka zauna aka cire darasin tarihi daga makarantu sama da shekara goma, aka bar kowa ya koyi nasa a waya wajen wanda ya fi iya zagi.

Amma tarihi ba ya biyan kuɗin haya, kuma ba ya tare adda. Ina garin nan aka yi rikicin Idi-Araba a 2002, kwana kaɗan bayan fashewar bama-bamai a barikin Ikeja. Ina cikin kasuwar nan a Maris ɗin 2016 da faɗa ya tashi daga maganar ɗan acaba har aka rasa rayuka gwamnati ta rufe kasuwar, muka zauna makonni ba sisi, wata Bayarabiya kwastomata ce ma ta riƙa aiko mana da garin kwaki da ɗanta. Saboda haka in na ga wani yana kwance a ɗakinsa a Kaduna ko Abuja yana rubuta a yi ta ta ƙare, sai in ce malam mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ne za mu kwana a nan ba kai ba. Shi kuma yajin kawo abinci da ake ta ɗoki ai an gwada a ƙarshen Fabrairun 2021 bayan rikicin Hausawa da Yarabawa a kasuwar Shasha ta Ibadan. Eh tumatir ya yi tsada a Legas, ban musa ba, sun ji a jikinsu. To amma ƙanena a gida fa? Ya tsinke tumatirinsa ya kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ba mai saye, kwandon da ya ci kuɗin taki da mai ana taya shi kuɗin da bai kai na kwandon kansa ba, ƙarshe yankawa suka yi suka shanya a ƙasa. Tumatir ba masara ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira. Kwana kaɗan aka janye yajin, su manyan suka sha hannu a gaban kyamara, shi kuma bashin takin nan sai da na tura masa ya biya.

Yanzu ga lissafin kwando ɗaya, don a nan ni nake ganin siyasa da tattalin arziki da ma sauyin yanayin da ake faɗa, ba a talabijin ba. Ran 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle ya ce tallafin mai ya tafi, fetur da muke sha 185 a nan ya koma kusan 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 ya haura dubu. A watan Yuni kuma aka saki naira, dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta bi ta haura 1,500. To mai noman rani da injin ban-ruwa yake aiki kuma injin fetur yake sha, irin tumatir ɗin na gwangwani daga waje ake kawo shi, maganin feshi haka, taki kuwa kar ma a yi magana. An tsinke, sai mota, direba zai ce ma gas ya tashi, taya ta tashi, ga kuma abin da ake karɓa a hanya, tun daga fitowa har shigowa Legas shinge bayan shinge, wannan da kaki wannan da rasit wannan da sanda kawai, duk sai ka sauke musu. Kwana biyu in hanya ta yi kyau, uku ko huɗu in mota ta lalace, kwandunan kaba an ɗora wani kan wani na ƙasa duk ya matse yana zubar da ruwa. A damunar 2024 da hannuna na sayar da babban kwando sama da naira dubu ɗari, kuma wallahi ban ji daɗin cinikin ba, don mutanen da ke tsaye a gabana kallon ɓarawo suke min alhali la'adata ba ta ƙaru da komai ba.

Akwai wata mata ma'aikaciya, shekara da shekaru duk ƙarshen wata takan zo da mota ta ɗau kwando guda ta ce Aboki sa min mai kyau. Kwanakin baya na hango ta ta rufe fuska da tabarau tana tsugune wajen masu sayar da fasasshe, wanda Yarabawa ke kira esha, tana cika robar fenti. Na kau da kai kamar ban gan ta ba don kar ta ji kunya. Sai kuma ka ji hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi da ke kashi 34.8 a Disambar 2024 ya dawo kashi 24 da ɗoriya a Janairun 2025, ashe ma'aunin aka sauya. Ban ce ƙarya suka yi ba, masana sun ce haka ake yi, kuma gaskiya wasu kayan sun ɗan sauko daga baya, amma matar nan dai ba ta dawo kan kwando ba.

Maganar sauyin yanayi kuwa da can ni ma ina cikin masu cewa zancen Turawa ne, ruwa na Allah ne in ya so ya bayar. Har yanzu na Allah ne, amma jiki magayi. Zafin da ake yi yanzu a watan Maris da Afrilu furen tumatir zubewa yake, ga tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon, wadda a 2016 ta cinye gonaki har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma tun daga lokacin ba ta bar mu ba, da zafi ya tsananta sai ta dawo. Damuna ta makara, in ta zo kuma ta zo a haukace. Ran 10 ga Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, madatsar da ta taɓa yin irin haka a 1994, wato shekara talatin ana kallonta. Sai Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, gada ta karye, kuma duk wanda ya san hanya ya san ta nan motocinmu ke bi su tsallaka Jebba. Ana saura kwanaki Babbar Sallah, motocin raguna da na kayan miya suka yi layi, wani direba ya kira ni yana cewa Alhaji kayanka fa sun fara wari, me zan ce masa? Nan Legas ɗin ma ruwan awa biyu ya isa ka ga mutane na naɗe wando a kan titi, shi ya sa da suka hana robar cin abincin nan ta takeaway a Janairun 2024 ban yi musu ba duk da 'yan uwanmu masu abinci sun koka, don na ga abin da ke toshe kwata da idona.

To me ake yi a kai? Shugaba Buhari ya je taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021 ya yi alƙawarin zuwa 2060 Najeriya za ta daina ƙara hayaƙi a sama, aka yi doka aka kafa majalisar kula da sauyin yanayi. A 2023 aka tafi irin wannan taro a Dubai da sunayen 'yan Najeriya 1,411, da aka yi ca gwamnati ta ce ai 422 kawai ta ɗauki nauyi. Kawai fa. Akwai kuma shirin nan na dasa katangar bishiyoyi a jihohi 11 na bakin hamada, da hukuma guda da ofis da motoci, ni dai duk zuwana gida ina leƙawa ta taga ko zan ga katangar. Abin da na sani shi ne wanda ya ciyar da mu har yau, madatsar Tiga, Audu Bako ne ya gina aka gama a 1974, mutum ɗaya ɗan sanda da ba shi da digirin yanayi, ruwan nan shi ke bin kanal ya shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, shi ne tumatir ɗin da Legas ke ci. Sama da shekara hamsin ke nan. A nuna min gwamna ɗaya a zamanin nan da ya yi wa manomi abu mai girman wannan.

Nan ne fa inda nake so a tsaya, Malam Edita. Da aka cire tallafin nan kuɗin ba sama suka tashi ba. Abin da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kafin Yunin 2023 bai kai tiriliyan ɗaya ba, yanzu akwai watannin da ya kai tiriliyan biyu. Na sani naira ta faɗi, kuɗin ba su da ƙarfin da, amma duk da haka gwamnoni da bakinsu suna faɗa cewa yanzu suna biyan albashi ba tare da cin bashi ba. Wato abin da aka zare daga aljihuna da na direba da na matar nan mai robar fenti, wani kaso mai tsoka yana hannun gwamnonin jihohinmu. Kotun ƙoli ma ta yanke hukunci a Yulin 2024 a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, je ka sakatariyar ƙaramar hukumarku ranar Laraba ka ga ko za ka tarar da wani banda mai gadi da awaki. Kuma da maganar dokar haraji ta taso a Oktoban 2024 ai mun ga gwamnonin Arewa da sarakuna sun hallara a Kaduna sun yi magana da murya ɗaya, suka ƙi tsarin rabon VAT ɗin da aka kawo, aka ja aka ja har aka sauya shi kafin a sa hannu a Yunin 2025. Madalla, sun kyauta, ni ma na goyi baya. Ashe dai suna iya haɗa kai. To me ya sa sai a kan rabon kuɗi? Yaushe za su hallara a Kaduna a kan injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ko ɗakin sanyi a Kwanar Gafan, ko kiret ɗin roba a madadin kwandon kaba, ko a yashe kanal, ko su je su zauna da takwarorinsu na kudu a rage shingayen nan? Sai gadar sama, kowane babban birni gadar sama, har inda ba cunkoso.

Yaran nan goma sha ɗaya na je na same su da safe a bakin masallaci na saya musu koko da ƙosai. Bakwai daga Zamfara, sauran Kebbi da Sakkwato. Na tambayi ɗaya, na ce kai ba ku da gona ne? Ya ce Baba akwai, babana na da gona babba, amma sai an biya mutanen daji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe, bara kuma bayan an biya ruwa ya ɗauke gero ya ƙone a tsaye. Na ce to me ka zo yi? Ya ce acaba. Bai ma san an hana acaba a manyan ƙananan hukumomin garin nan tun Yunin 2022 ba, har da Kosofe da muke ciki da aka ƙara daga baya. Na san ƙarshen zancen don na gani ba sau ɗaya ba, zai yi dako a kasuwa in ya samu, ko ya tura baro yana jari-bola, ya kwana a ƙarƙashin gada, wata rana a yi samame a kwashe shi a mota ba wanda ya san sunansa, mu tara kuɗi a je beli in an gano inda yake. Sannan a ɗauki hotonsa a sa a intanet a ce ga 'yan Arewa sun zo mamaye Legas, mu kuma mu hau zagi muna kare shi da tarihin Glover. Shi yaron ba tarihi ya kawo shi ba. An karɓi kuɗi da sunansa a Abuja, don har da yawan jama'a ake dubawa a rabon, an ƙirga kansa an karɓa, shi kuma ga shi nan a kan buhun albasa.

Ban wanke gwamnatin tarayya ba fa, tsaro nata ne, kuma cire tallafi rana ɗaya ba shiri ita ta yi, kowa ya ga yadda yunwa ta fito da mutane titi a Agustan 2024 har aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja suna faɗuwa. Ban kuma ce hukumomin nan Legas ba sa mana abin da ke ciwo ba, suna yi, rusau ba sanarwa mun sha gani. Mu ma mazauna nan da namu laifin, mutum ya shekara ashirin a Agege ko Alaba Rago amma katin zaɓensa na ƙauye, lokacin zaɓe a cika mota a tafi gida a dangwala wa wanda ya ba da taliya da atamfa a dawo, nan kansila bai san da kai ba can ma gwamna bai san da kai ba. Ni kaina sai a zaɓen da ya wuce na maido da nawa nan. Ga 2027 na tahowa an fara kiran shugabannin kasuwa taro a otal.

Roƙona gare ku 'yan jarida ɗaya ne, kuma ba shi da tsada. Ku turo wakilinku Mile 12 da ƙarfe huɗu na asuba, ya nemi layin 'yan albasa, ni zan ba shi benci da shayi. Ya yi sati guda yana tambayar duk yaron da ya diro daga tirela ƙaramar hukumarsa, ya rubuta. Sannan ku nemo abin da kowace ƙaramar hukumar da jiharta suka karɓa daga Abuja a wannan watan, tunda ana wallafawa, ku jera su gefe da gefe a shafi ɗaya da hoton shugaban ƙaramar hukumar da na gwamna. Ku buga da Hausa yadda za a karanta a teburin mai shayi. Yaron nan na Zamfara dai na haɗa shi da wani mai rumfar attaruhu yana masa dako, jiya ya zo yana tambayata yadda ake tura dubu biyar gida ta POS.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
Wani dillalin kayan gwari,
Kasuwar Mile 12, Legas.